YARA MANYAN GOBE? TO YAU FA, SU WANE NE?

'Yan'uwana 'yan Nijar da neman abinci ya kawo iyayenmu nan Najeriya, da ma duk wanda Hausa ta haɗa mu da shi a wurin sujada, ko Mada ne, ko Eggon, ko Gbagyi, ko Gwandara. Yau ba labarin iyaka ko canjin sefa na zo da shi ba. Magana ce ta cikin gida, na kuma san za ta sosa wa wasu rai. To amma ai gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Akwai maganar da na gaji da jin ta daga kan bagadi, wato "yara manyan gobe". Fasto ya faɗa, dattijo ya faɗa, shugabar Zumuntar Mata ta faɗa, jama'a su amsa da amin. Tana da daɗin ji. Amma ni da na tashi a kasuwa na san ma'anar "gobe" a bakin mai bashi. In mutum ya ce maka ka dawo gobe, to ya sallame ka ne cikin ladabi. Abin da muke yi wa yaranmu a majami'u ke nan. Mun ba su gobe domin mu riƙe yau, mu kaɗai.

Duk wanda yake zuwa sujada a garin nan na Keffi ya san yadda abin yake, kuma ba zan kira sunan kowace majami'a ba don kusan duk kanwar ja ce. A buɗe da waƙa, a yi addu'a, sai mai sanarwa ya ce yara su tafi ajinsu. Sai ka ga sun ɗunguma waje kamar an kora awaki. Ina ne ajin nasu? Wani kango ne da aka fara ginawa aka bari, ko gindin mangwaro, ko wani ɗaki mai kwano wanda da ƙarfe goma sha ɗaya na safe ya zama tanda. A ciki an zuba ɗan shekara 3 da ɗan shekara 13 wuri ɗaya, an bar su da budurwa ɗaya ko biyu, bulala a hannu, muryarsu ta dishe. Babu allo, babu littafi mai hoto, benci ma sai wanda manya suka karya suka yar. A can cikin babban ɗaki kuwa ga tayil, ga fanka, ga lasifikoki masu girgiza ƙirji, ga kujerun ƙasaita a gaba. In wuta ta ɗauke a tada janareta, amma wayarsa ba ta kaiwa wajen yara.

Sai sau ɗaya a shekara a tuna da su. A makon da ke kusa da 27 ga Mayu, ranar yara ta ƙasa, ko kuwa lokacin Kirsimeti, a ce yau sujada ta yara ce. A saka wa wani yaro kwat ɗin babansa da gilashi, a kira shi fasto, a ba shi takardar da wani babba ya rubuta ya haddace. 'Yan mata su jera su rattabo ayoyi da Turanci kamar ana juya kaset. Iyaye su tashi su yi liƙi, wayoyi su yi ta ɗauka, kafin la'asar an watsa a Facebook da WhatsApp. Kowa ya yi dariya, kowa ya ce Allah ya raya. Lahadi mai zuwa an mai da su gindin mangwaro. Na taɓa tare wata yarinya da ta zuba ayoyi goma ba tuntuɓe, na ce mata da Hausa, to me ayar farko take cewa? Ta tsaya tana kallon takalminta. Ba laifinta ba ne. An koya mata fitar da sauti ne, kamar aku. Wannan ba sa yara cikin aikin ikilisiya ba ne, kwalliya ce aka yi da su, irin balan-balan da ake rataya wa ranar biki a fasa washegari.

Mahaifina ɗan kasuwa ne, daga yankin Maraɗi ya zo, albasa da wake yake sayarwa. A rumfarsa babu ranar yara. Ina ɗan shekara 8 ya fara ba ni tsintar ruɓaɓɓiyar albasa daga cikin buhu, don ɗaya takan lalata sauran. Daga nan ya ba ni mudu. Daga nan canji. Kafin in gama firamare yakan tafi sauke mota ya bar ni da rumfar, in ya dawo mu zauna mu yi lissafi, in akwai giɓi ya nuna mini inda ya fito. Haka kowane ɗan kasuwa a Keffi yake renon ɗansa, Musulmi ko Kirista, Bahaushe ko Ibo mai sayar da kayan gyaran babur. Babu wanda yake cewa bari yaro ya kai shekara 25 sannan in nuna masa yadda ake ciniki, don ya san ranar nan sai dai ya nuna wa bango. Abin mamaki, mutumin nan da ya yarda ya damƙa wa ɗansa jakar kuɗi ranar Asabar, shi ne ranar Lahadi zai ce yaron bai isa ya riƙe kwandon baiko ba.

Mu koma ga misalin talanti a Matiyu sura 25, wanda ake yawan yi mana wa'azi da shi. Talanti kuɗi ne, kuma ba ƙananan kuɗi ba. Guda ɗaya ya kai dinari 6,000, dinari ɗaya kuwa shi ne ladan lebura na yini guda, kamar yadda muka gani a Matiyu sura 20. Ke nan wanda aka ba talanti ɗaya, wanda muke kallo kamar an raina shi, an damƙa masa jarin da lebura zai yi shekara 16 ko fiye yana aiki ba hutu kafin ya tara. Daga wannan misali ne ma Turawa suka samo kalmar da suke kiran baiwa da ita. Fushin maigidan ba don bawan ya yi asara ba ne, ai bai yi asarar ko anini ba. Fushin don bai juya jarin ba ne, ya tona rami ya binne. Duk ɗan kasuwa ya gane wannan, kuɗin da ba ya juyawa mutuwa yake yi. To ga tambayata ga masu wa'azi: kullum kuna ɗora misalin a kan mutum ɗaya ɗaya, kuna cewa kada ka binne baiwarka. Ikilisiya fa? Ita ba a ba ta jari ba? Yaran nan da ke kango su ne talantinta, kuma ita da hannunta take tona ramin kowace Lahadi.

Matsalar ta wuce yara, don ko a tsakanin manya mun taƙaita abin da ake kira baiwa. A yau iri biyu kawai ake gani a majami'a, makirfo da aljihu. In kana da murya ko kana kaɗa jita da kibod, kai mai baiwa ne. In kana da kuɗi, ranar godiyar kaka ko ranar ƙaddamar da gini za a kira sunanka da sarautarka, a faɗi adadin, a yi tafi, a zaunar da kai a gaba, alhali wasiƙar Yakubu sura 2 ta yi kashedi a kan ainihin wannan zaɓen kujera. Amma wa ya taɓa jin an yi addu'ar keɓewa ga mai gyaran janareta? Ko telar da take ɗinka kayan mawaƙa ba ta karɓi ko kwabo ba? Ko tsohuwar da duk gidan da aka yi rasuwa ita ce ta farko a bakin murhu? A Fitowa sura 31 mutumin da aka ambata da suna cewa Allah ya cika shi da Ruhunsa ba mai wa'azi ba ne, Bezalel ne, maƙeri kuma masassaƙi. A Ayyukan Manzanni sura 9, da Dokas ta rasu, gwaurayen ba wa'azinta suka nuna wa Bitrus ba, riguna suka nuna masa. Bulus ya gaya wa Korantiyawa, a sura 14 ta wasiƙarsa ta fari, cewa in sun taru kowa yakan zo da abin da zai ba da don a ginu. Kowa. Mu kuwa mun mai da sujada kamar gidan kallon ƙwallo, mutum goma suna wasa, ɗari uku suna kallo. In babba mai sana'a bai samu ƙofar da zai shigo da aikin hannunsa ba, ina ga yaro?

Kuma Littafi Mai Tsarkin da muke ɗauka a hammata ba ya goyon bayanmu. Sama'ila yana yaro ƙarami yake hidima a gaban Eli, sanye da rigar aiki, har shi ne yake buɗe ƙofofin ɗakin Ubangiji da safe, kuma a zamanin da magana daga Allah ta yi wuya, shi aka kira, ba manyan 'ya'yan firist ba. Na'aman, babban hafsan sojan Suriya, yarinya ce baiwa a gidansa ta nuna masa inda zai warke. Ranar da aka ciyar da mutum 5,000, Filibus yana can yana lissafin dinari 200 ba za su isa ba, guzurin wani yaro ne, gurasa biyar da kifi biyu, aka ɗora a hannun Yesu. Da a ce almajirai sun kora yara gindin mangwaro ran nan, da taron ya kwana da yunwa. A Ayyukan Manzanni sura 12 manya sun cika ɗaki suna addu'a a saki Bitrus, yarinya Roda ce ta je ƙofa ta gane muryarsa, da ta zo ta faɗa sai suka ce ta haukace. Ni wannan labari yakan ba ni dariya, don har yau haka dattawa suke amsa wa yara. Sannan kowa ya san Markus sura 10, inda almajirai suka kwaɓi masu kawo yara, Yesu kuwa ya ji haushi. A wurare kaɗan ne aka rubuta ya ji haushin almajiransa, wannan yana ciki.

To bari in kawo tarihin da ya shafe mu kai tsaye, mu masu sujada da Hausa, musamman mu 'yan Nijar. Kun san wani yaro Dorugu? Daga ƙasar Damagaram yake, an kama shi bawa yana ƙarami, aka kai shi Barno, wani Bajamushe matafiyi mai suna Overweg ya 'yanta shi. A 1855 Heinrich Barth ya tafi da shi Ingila tare da abokinsa Abbega, lokacin Dorugu bai wuce shekara 16 ba. A can ya zauna da mishan James Frederick Schön, wanda ya daɗe yana fama da koyon Hausa. Bature ya zauna da alƙalami, yaro yana magana yana rubutawa. A 1857 aka buga Bisharar Matiyu da Hausa, a 1880 Sabon Alkawari, a 1885 kuma Schön ya fitar da littafin Magana Hausa wanda labarin rayuwar Dorugu da bakinsa yake ciki. Daga baya ne su Likita Miller na Zariya da abokan aikinsa suka kammala dukan Littafi Mai Tsarki, ya fito a 1932. Wato tun a tushen wannan aiki akwai bakin yaro. Ƙungiyar da ta buga littafin ma, wadda aka kafa a Landan a 1804, labarin wata yarinya yana cikin abin da ya zaburar da kafa ta: Mary Jones, 'yar shekara 15 a ƙasar Wales, wadda a 1800 ta taka kimanin kilomita 40 a ƙasa, kusan nisan Keffi zuwa Mararaba, don ta sayi Littafi Mai Tsarki da harshenta da kuɗin da ta yi shekaru tana tarawa. Yau kuma a ce ɗan shekara 15 bai isa ya hau bagadi ya karanta littafin ba?

Ita kanta makarantar Lahadi da muke fakewa da ita, ba don a raba yara da sujada aka ƙirƙiro ta ba. Robert Raikes ya fara tasa a garin Gloucester na Ingila a 1780, saboda 'ya'yan talakawa da ke aikin ƙarfi kwana shida a mako, ba su da ranar karatu sai Lahadi. Ana koya musu karatu, sannan a jera su a kai su coci. Ƙari ce a kan sujada. Mu muka mai da ita madadin sujada, har yaro ya kai shekara 14 bai taɓa ganin yadda ake jibin Ubangiji ba, bai san tsarin sujada ba, bai iya waƙa ko biyar daga Littafin Waƙoƙi ba.

A gida Nijar abin ya bambanta, kuma ba don mun fi kowa ibada ba. Larura ce. Kiristoci a Nijar ba su kai kashi 1 cikin 100 ba bisa ƙidayar 2012. 'Yan mishan na SIM sun fara zama a Zinder a 1924, suka zo Tsibiri kusa da Maraɗi, suka buɗe asibitin Galmi a 1950, amma har yanzu majami'ar ƙauye ɗaki ɗaya ce mai mutum ashirin ko talatin. Duk lokacin da muka je ganin dangi abin da nake gani ke nan: babu wurin da za a kora yara, kuma babu hannun da za a ce ya yi yawa. Ɗan lakwal shi ne mai karatun nassi don idon tsofaffi ya raunana ko ba su yi karatu ba. Yarinya ce mai ba da waƙa. Yaro ne mai ganga, shi ne mai shara, shi ne mai ƙirga baiko a gaban dattijo. Yaron da ya tashi haka ba ya tambayar ko majami'ar tasa ce. Mu da muka zo inda Kiristoci suke da yawa, inda ECWA ta kafa jami'ar Bingham a Karu tun 2005, inda hedkwatar ERCC take a Alushi kusa da Akwanga, inda akwai fastoci masu digiri da makarantun tauhidi, sai yawa ya zame mana dalilin zubar da yara. Mai ɗan jari yana lissafin kowace albasa, mai babban sito shi ne kaya ke ruɓe masa a lungu bai sani ba.

Ku dubi maƙwabtanmu Musulmi ma, waɗanda muke kwana muke tashi tare a garin nan. Yaro yana bin babansa masallaci tun yana ƙarami, ya ga yadda ake yi, ya yi. Wanda Allah ya ba harda ana ɗaukar abinsa da muhimmanci, tun 1986 ake musabaƙar karatun Alƙur'ani ta ƙasa, wadda aka faro a Sakkwato, kuma matashi mai kyan karatu yakan ja manya salla a watan azumi. Ban kawo wannan don gasa ba. Na kawo ne don masu cewa al'adarmu ta Arewa ba ta yarda yaro ya tsaya a gaban manya ba. Al'ada ta yarda, in dai abin da ya tsaya yi mai daraja ne.

Na san amsoshin da za a ba ni, don na sha jin su. Za a ce yara suna surutu, suna hana mutane jin wa'azi. Gaskiya ne suna yi. Amma su wa ke danna waya a layin baya? Wayar wa ke ƙara ana tsakiyar addu'a? Su wa ke gyangyaɗi? Yaron da ke zaune kusa da uwarsa, wanda ya san nan da minti goma shi zai tashi ya zaga da kwandon baiko, ba ya surutu kamar wanda aka jefa cikin yara sittin ba aikin yi. In kuwa wa'azi ya kai awa ɗaya da rabi har yara sun gaji, to ba yara kaɗai suka gaji ba, su ne dai ba su iya munafunci ba. A Taruwasa wani saurayi ya yi barci Bulus yana dogon jawabi har ya faɗo daga taga, Bulus bai ce a daina shigo da samari ba, katse maganar ya yi ya sauka wurinsa.

Za a ce za su yi kuskure a karatu, su ɓata tsarkin sujada. Iyayena dattawa, ku gafarce ni, ni ma na sha jin manya suna kokawa da sunayen da ke cikin Littafin Ƙidaya har jama'a na sunkuyar da kai. Maganin kuskure shiri ne. A ba yaro nassin tun Laraba, wani babba ya zauna da shi ranar Asabar ya saurare shi sau uku, ya bayyana masa ma'anar. Minti talatin ne. Abin da ake gudu ke nan, ba kuskuren ba.

Wanda ya fi ƙarfi a cikin amsoshin shi ne na girman kai, cewa in aka ɗaga yaro da wuri kansa zai kumbura. Wannan na yarda akwai haɗarinsa, mun kuma gani a yaran da ake yawo da su majami'a zuwa majami'a ana kiran su ƙananan annabawa, iyaye suna tara kuɗi a bayansu. Amma ku lura, abin da ke kumbura kai shi ne tafi da liƙi da kyamara, wato ainihin abin da muke yi ranar yara. Aiki na kowane mako ba ya kumbura kai. Yaron da aka ba jera kujeru da ƙarfe bakwai, ko goge bagadi, ko raka dattijo gaida marar lafiya, ko riƙe littafin waƙa ga tsohuwar da ba ta gani sosai, babu mai yi masa tafi. Nauyi yake koya. Sama'ila ma da buɗe ƙofa ya fara.

Akwai kuma abin da yake ci mini rai fiye da duka, ba zan tsallake shi ba ko da a taƙaice. A wasu wuraren addu'a, ranar da ake miƙa wa yaro makirfo da gaske ita ce ranar da aka tsayar da shi a gaban jama'a ya amsa cewa shi maye ne. Abin ya yi ƙamari a Akwa Ibom har jihar ta haramta shi da doka a 2008, kuma kada mu yi kamar a yankinmu ba a taɓa jin irinsa ba. Ba a yarda da bakin yaro ya karanta Zabura ba, amma an yarda da shi ya yi wa kansa shaidar da za ta raba shi da gidan ubansa.

Ina sakamakon duk wannan? Ku ƙirga samari 'yan shekara 15 zuwa 20 a sujadar Hausa ta majami'arku. 'Yan mata sukan ɗan daure saboda ƙungiyar mawaƙa, samarin kuwa sai ka neme su. Suna gidan kallon ƙwallo, suna shagon caca, wasu suna kan babur suna acaɓa. Waɗanda suka shiga jami'ar jiha da ke nan Keffi sukan koma ƙungiyoyin ɗalibai na Angwan Lambu da kewaye, sai iyaye su yi ta ƙorafi wai an sace musu 'ya'ya. Ba sata ba ce. A can makon farko ake tambayar yaro, me ka iya? A ba shi ganga, ko kwamfuta, ko tsaron ƙofa, ko jagorancin addu'a. A majami'ar da aka haife shi ya yi shekara 18 babu wanda ya taɓa yi masa wannan tambaya. A ƙasar da sama da kashi 40 cikin 100 na mutanenta ba su kai shekara 15 ba, ikilisiyar da ta ajiye yara a waje ta ajiye kusan rabin kanta ne a waje. Ga namu 'ya'yan baƙi asarar ta ninka, don sujadar Hausa ita ce igiyar da ta rage tsakaninsu da gida. Yaron da bai iya karanta Hausa a gaban jama'a ba, ranar da aka kai shi ƙauyen kakansa baƙo ne ko a majami'a.

Ba na cewa a rushe makarantar Lahadi, kuma ina cire hula ga 'yan matan nan da ke fama da yaranmu kyauta. Haka 'yan Birged, ƙungiyar da William Alexander Smith ya kafa a Glasgow a 1883 ta iso Najeriya a 1908, sun riƙe yara da yawa da fareti da horo, sai dai su ma mun mai da su masu gadin ƙofa da jeren motoci ranar taro. Abin da nake nema ƙarami ne. A mai da ajin yara kafin sujada ko bayanta, ko a raba lokacin, yadda za su zauna da iyayensu a waƙa da karatu da addu'a da baiko. Karatu ɗaya cikin biyun da ake yi kowace Lahadi a ba yaro ko yarinya, bi da bi, da harshen da ake sujadar. Kowane mai aiki a majami'a, daga mai kiɗa zuwa mai janareta zuwa ma'aji, a haɗa shi da yara biyu su zama 'yan koyo, kamar yadda ake yi a garejin kanikawa, a fili inda kowa ke gani, da sanin iyayensu. Matan zumunta su sa 'yan mata a layin masu buga tulu da caki maimakon su bar su da goyon ƙanne a waje. Ranar godiyar kaka kuma, yadda ake shigo da doya da buhun masara, a bar mai walda ya shigo da ƙofar da ya ƙera, yarinyar da ta iya zane ta shigo da zanenta, a karɓa a yi addu'a a kai ba tare da an yi gwanjonsa ba.

Sai batun kuɗi, wanda a nan ake gane gaskiyar kowace magana. A taron ikilisiya na ƙarshen shekara, lokacin da ma'aji zai karanta rahoto, ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya ɗaga hannu ya yi tambaya ɗaya cikin ladabi: nawa aka kashe a kayan sauti da kujerun gaba, nawa aka kashe a kan yara? A karanta lambobin biyu a jere, da ƙarfi, kowa ya ji. Ni zan yi tambayar a tamu majami'ar, na kuma riga na gaya wa Baba don kada ya ji ta a bakin wani. Ya yi shiru, sannan ya ce in tabbata na fara gaida dattawa kafin in buɗe baki. Na kuma rubuta sunayen yara shida da suka iya karatun Hausa sarai, huɗu mata biyu maza, zan miƙa wa sakatare takardar a ranar, don kada a ce an yarda amma babu wanda zai fara.

Naku, daga Keffi.